Zariyar Jar Fata a Tafkin Kufai

Tun ranar da na dawo daga Ingila ban zauna a majalisarmu ta bakin kasuwa na sha fura cikin daɗin rai ba. Ladan tela ya tambayi wannan, Altine mai goro ya tambayi wancan, gobe kuma su sake daga farko kamar ban taɓa faɗa ba. Yanzu har wani ya baza cewa wai ni Arzika na tuɓe riga a gaban matan Turawa na faɗa tafki. To, na faɗa ɗin, ban musa ba. Amma tunda maganar ta fita, gara ku ji ta daga bakina tun daga tushe, kowa ya huta.

Kun san ni ɗan majema ne. Mahaifina, Baba Nomau, tun yana yaro yake jimar fatar jar akuya da bagaruwa, ya shafe ta da man gyaɗa, ya rina ta da karan dafi. Ni kuwa aka sa ni boko, na zama malamin fata a ofis, ina duba fatu da ƙiraga ina buga musu hatimi. Bara da kaka sai ga takarda daga kamfanin da ke sayen fatunmu a can ƙasar Turawa. Wai jar fatar Sakkwato tana zuba in ta ji ruwa, ta ɓata musu kaya, saboda haka daga baɗi ɗanya kawai za su saya, su jeme abinsu da kansu. Kowa ya san ma'anar wannan: majemar Baba ta mutu ke nan, da duk gidajen da ke ci a cikinta.

Ni aka ba takardar na karanta wa majema, Baba yana zaune a gaba. Da muka koma gida ya tambaye ni abin da na gani. Ni da kaina, da bakin nan nawa, na ce masa Bature ba ya rubuta abin da bai gwada ba, ƙila lokaci ya yi da za a bar karan dafi a koma garin rini na kanti. Ya tashi ya yi alwala. Wallahi har yau in na tuna sai na ji kunya ta rufe ni.

Bayan 'yan watanni aka zaɓe ni zuwa kwas na wata uku a garin da kamfanin nan yake. Yanzu da ake ta maganar mulkin kai, kowane ofis so yake ya tura ɗan ƙasa ya koyo aiki. Ranar da zan tashi Baba ya kira ni zaure, ya miƙo mini fata goma sha biyu a naɗe, kowace da shaidarsa, ɗigo uku na basilla a gindin wutsiya.

Ya ce, "Ka kai ma wanda yac ce hwatata na zuba. Shi jiƙa ta gabanka, kana kallo. Abin da kag gani shi za ka taho ka hwaɗa min, ba abin da kaj ji ba."

Na ce to, amma a raina ina jin tsoron abin da zan gani.

Mun bar Sakkwato a babbar mota, ina bisa kaya kamar buhun gero. Damina ta fara, muka kafe a laka kafin Talata Mafara, kowa ya sauka turi, har da wani alhaji da ya rantse bai taɓa tura ko jaki ba. A Gusau na shiga jirgin ƙasa, Zariya aka canza mini wani, daga nan sai Ikko. Abin da na riƙe daga wannan hanya shi ne gawayin jirgi a ido, da matan da ke sayar da dafaffen ƙwai ta taga, waɗanda in jirgi ya tashi sukan bi shi da gudu suna zagin wanda bai miƙo kwano ba.

A jirgin ruwa aka haɗa ni ɗaki da wani Bakano, Malam Sabo, malamin asibiti. Kalma ɗaya na yi, na ce "mi kac ce?", ya kwashe da dariya ya ce ba sai na nuna fasfo ba. Haka ya dinga kwaikwayona har kwana uku. Rana ta huɗu teku ya tashi, malamin asibiti ya kwanta yana amai yana kiran sunan mahaifiyarsa, ni ɗan gulbi ko gezau. Na zauna a kansa ina ba shi ruwan lemun tsami, ina tambayarsa, "Mi kac ce, Malam?" Daga ranar muka zama aminai. Ina kuma zargin shi ne ya rubuto wa wani a nan labarin tafkin, Allah ya shirye shi.

Mako biyu muka yi a ruwa muka sauka Libaful. A wurin 'yan kwastan na gamu da wani dogo mai jan hanci. Ya kwance ƙunshin Baba, ya ƙirga fata goma sha biyu daidai da takarda. Ya buɗe akwati, sai ga kilishin da mahaifiyata ta sa aka yi mini, falle-falle, ja wur da yaji. Ya ɗaga ɗaya sama, ya juya shi, ya ce ga wasu fatu nan da ban rubuta ba. Na ce nama ne, ya ce bai yarda ba. Da na ga magana ba ta yi, na yago na jefa baki ina tauna. Shi ma ya yago kaɗan don ya kama ni da ƙarya. Jama'a, da kun ga hawaye! Kilishin dai ya ƙwace, wai ba a shiga da nama, amma ya bar mini fatun, ya kuma bar mini ƙullin yajina don bai ƙara marmarin ɗanɗana komai ba.

An sauke ni gidan wata dattijuwa, Misis Dosin, wadda mijinta ya rasu, ba ta da kowa sai kare. Karen nan yana da kujerarsa a falo, ranar farko na zauna a kai, daga shi har ita suka ɓata rai. Amma mace ce mai kirki. Da na ce ba na cin naman da ban san yankansa ba, ba ta yi gardama ba, ta koma yi mini kifi da ƙwai. Sai dai girkinsu, Allah na tuba, dankali ne da kabeji a tafasa su har su sallama, ba gishiri ba mai. Yajin nan shi ya riƙe ni. Buta kuwa babu, sai da na roƙi wani tsohon tulun madara, ita kuma har na taho tana zaton fure nake ba ruwa a ɗaki. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne maƙwabci ya wuce maƙwabci ba gaisuwa, amma a tashar bas su jeru ɗaya bayan ɗaya ba mai ture wani, abin da mu ko a rabon naman suna ba mu iya ba.

Kwas ya tafi daidai, na koyi abubuwa, ba zan raina musu ba. Amma saƙon Baba ya ƙi isa. Na kai fata goma sha ɗaya ofishin kamfanin, na ajiye ɗaya don in ba Misis Dosin tsaraba in zan tafi. Akawu ya karɓa, ya liƙa takarda, ya jefa sito, ya ce za a rubuto. Na bincika na gano duk wannan magana a hannun mutum ɗaya take, wani tsoho Mista Birgis, wanda tun yana saurayi yake zaɓen fata da hannunsa. Abin da ya ce shi ke nan, kuma shi ya sa aka rubuta waccan takarda. Amma ya tsufa, ba ya zuwa sai ya ga dama. Na je sau bakwai, kullum a ce ya fita ko bai zo ba. Kwana ya yi ta ƙarewa har saura mini mako biyu, abinci ma ya daina shiga.

Misis Dosin ce ta lura. Da na ba ta labari sai ta ce ai kowa a garin ya san inda ake samun tsohon nan. Kullum ƙarfe bakwai na safe yana wurin iyo na tsohuwar fada, shekara da shekaru, in dai lokacin zafi ne.

Washegari na zuba babbar riga na tafi. Bari in gaya muku yadda wurin yake. A kan tudu ne, a tsakiyar gari. Wai a zamanin dā wani sarkin yaƙi ne ya gina gidansa a nan da dutse, ganuwa da gwalalo da komai. Yanzu duk ya rushe, sai ƙofa da kusurwa ɗaya da ciyawa ta fito a kanta. A daidai tsakar gidan, inda bayin sarki suke taruwa, nan hukumar gari ta haƙa tafki mai kusurwa huɗu, ta dabe shi da siminti, ta cika da ruwa garai-garai, ba rufi ba komai. Kowa ya yanki tikiti ya shiga, leburan masana'anta da likita duk ɗaya. A ƙofar da aka ce dā ba mai wucewa sai da izini, wata mata ce zaune tana saƙa tana miƙa tikiti. Ni da na ga ta gaji ƙofar fada har na rusuna na gaishe ta, ina tsammanin jinin gidan ce. Ashe mijinta direban bas ne.

Na ce a raina, wannan ai kufai ne. Mu a nan wa ya isa ya je kufan Alkalawa ko Surame ya tuɓe ya yi wanka? Ko wucewa za ka yi sai da bisimilla, don ka san akwai masu wurin. Su kuwa har da 'yan kujeru da mai sayar da shayi a gindin ganuwa.

Na hango tsohon, ɗan siriri, kansa fari fat, yana kai da komowa a ruwa kamar tarwaɗa. Na nufi bakin tafkin, sai mai gadin ruwa ya busa mini usur, ya ce ba a ƙetare wani farin layi da riga da takalmi. Na koma ƙofa na jira. Ashe akwai wata ƙaramar ƙofa ta baya, ta nan ya fita ya hau kekensa. Kwana na biyu na tsare ta baya, ya fita ta gaba. Kwana na uku aka yi ruwan sama, na jiƙe sharkaf, shi kuwa ya wuce ni a guje ina ɗaga hannu, ya ɗaga mini shi ma yana zaton gaisuwa ce. A ranar ne matar tikiti ta gaya mini ran Asabar za a rufe tafkin sai baɗi, kuma in an rufe tsohon yakan tafi wurin 'yarsa a bakin teku.

Misis Dosin ta ce ba ta ga abin wahala ba, in shiga ruwan mana, ko ban iya ba ne? Na ce na iya, a Gulbin Rima na tashi, wajen Dundaye muke wankin fata tun ina ƙarami. Amma yaya zan bayyana mata? A wurinmu maza da mashigarsu, mata da tasu. Kuma ni tunda na yi hankali ban taɓa tsayawa gaban dattijo ba riga ba hula ba, balle in kawo masa saƙon ubana a haka. Ga kuma kufai. Na kwana biyu ina juya abin, ƙarshe na ga kunyar komawa wurin Baba hannu rabbana ta fi kowace kunya.

Ta ɗauko mini wandon iyon marigayi mijinta, irin na dā, fari sol, daga cibiya har gwiwa. Wannan ya kwantar mini da hankali ta wajen tsiraici. Sai dai marigayin ƙato ne, ni biyu sai mu shiga, zariyarsa kuma ta ruɓe. Ranar Asabar da safe ina sauri, na yi abin da kowane ɗan majema zai yi ba tare da tunani ba. A gidanmu in zariya ta tsinke, ko igiyar guga, ko maɗaurin takalmi, ba wanda ke neman zare. Na jawo fatar nan ta goma sha biyu, na yanko siririya daga gefe, na zura a wando, na ɗora riga a sama na fita.

Na tuɓe a wani ɗan ɗaki a jikin ganuwa. Na fito ina kallon ƙasa, ina jin kamar duk garin ni yake kallo, alhali ba wanda ya ko ɗaga kai. Na yi bisimilla, na yi wa masu wurin sallama a ɓoye, na faɗa. Wayyo Allah! Sanyin ruwan nan sai da ya ɗauke mini numfashi, ga wani warin magani da suke zubawa mai shiga hanci.

Tsohon yana can ɗaya gefen, ya kusa bango, nan na yi niyyar in tare shi. To kun san yadda muke ƙetare gulbi: ba ka nufar inda za ka fita, sai ka nufi sama da shi, ruwa ya kawo ka. Jikina bai manta ba. Na karkata na bugi ruwa da ƙarfi, kai a sama, ƙafafu na tayar da kumfa, ina jiran igiyar ruwa ta gyara mini hanya. Ina igiyar ruwa a tafkin siminti? Su kowa yana bin layinsa a miƙe, ni na ratsa su a karkace, na tsallake wata mata, usur na ta tashi. Tsohon kuwa ya riga ya juyo, sai ji na yi gware, goshina da nasa.

Muka kama bakin tafki muna tari. Na ce shi ke nan, na kashe majemar Baba da kaina. Da ya samu numfashi sai ya tambaye ni a ina na koyi wannan iyo na hauka. Na ce a gulbin Sakkwato. Sai ya daina tari, ya ƙura mini ido. Ya ce shekara hamsin fatar Sakkwato na bi ta hannunsa, bai taɓa ganin mutumin Sakkwato ba sai yau da ɗaya ya fasa masa kai.

Ban jira ba, haƙorana na kaɗawa na zayyana masa komai. Ya saurara har ƙarshe, ya ce ya ji tausayi, amma shi da idonsa ya ga jar fatarmu ta zuba, ba zai janye ba. Yana cikin faɗar haka sai na ga idonsa ya sauka ƙasa. Bakin zariyata ne ya fito yana yawo a kan ruwa, ja wur, a jikin farin wando.

Sai a lokacin na gane abin da na yi. Jar fatar Baba, a cikin ruwan magani, a kan farin yadi, a gaban mutumin da ya ce tana zuba. Ba zan ɓoye muku ba, ban yarda da ita ba a wannan lokacin. Na kasa ko duba wandon.

Tsohon ya ce, "Kada ka fita. Zauna nan."

Ya ci gaba da iyonsa, ya je ya dawo, ya je ya dawo, ni ina maƙale a bango ina karanta duk abin da na sani, ƙafafuna sun mutu. Sai da ya cika adadinsa na kullum ya ce in fito. Ya kama bakin zariyar ya ja, na riƙe wando da hannu biyu na ce ya yi wa Allah ya yi haƙuri. Ya kawo farin tawul ɗinsa ya murza ta da ƙarfi, ya buɗe. Fari. Ya duba bakin wandon inda ta kwanta. Fari sol, kamar yadda Misis Dosin ta ba ni. Ya sunkuya ya shinshina ta, har ya ɗan ciza.

Ya ce, "Wa ya yi wannan?"

Na ce, "Ubana."

Ya ce, "Sa rigarka. Ba wannan aka aiko mana bara ba."

A ranar ya sa aka buɗe sito. Ya fito da goma sha ɗayan Baba, ya fito da ragowar waɗanda suka zuba, muka jiƙa su gefe da gefe. Na Baba ba ko ɗigo. Waɗancan kuwa nan da nan ruwa ya koma kamar an yanka kaza. Ina juya su na gane, ba shaidar kowane majemi a jikinsu, kuma da garin rini na kanti aka yi su, wanda wasu masu gaggawa suke cusawa cikin dila. Wato ainihin abin da na ba Baba shawara ya koma. Mista Birgis ya ce za su ci gaba da sayen duk wadda aka rina da karan dafi, in dai ofishinmu zai goga mata jiƙaƙƙen farin ƙyalle kafin hatimi. Shi ne ƙyallen da kuke gani a aljihuna kullum, Altine yana cewa ko mura nake yi.

Sauran kwanakin daɗi ne zalla. Tsohon ya kai ni gidansa shan shayi, ya sa na yi masa bayanin bagaruwa har sau biyu. Misis Dosin ta karɓi fatarta mai yankakken gefe ta shimfiɗa a kan teburin falo, ta hana kare kusantarta. Hanyar dawowa ba abin faɗi, sai dai Malam Sabo ya sake kwanciya.

Na iso gida da la'asar, na tarar da Baba a majema, hannunsa cikin kwatarniyar bagaruwa. Bayan gaisuwa na durƙusa na ba shi labari kamar yadda na ba ku, na miƙa masa takardar kamfani da zariyar. Takardar ko kallonta bai yi ba, ya ce a kai wa sauran majema. Zariyar ya karɓa, ya ja ta, ya shinshina, ya ce ruwansu ya cika kanwa, tana son mai. Na ce masa Baturen ya yarda, har ya ce a gaishe shi.

Ya ce, "Bature bai san ni ba, mi nac ci mai da zan damu da yardatai? Kai ɗai na aika ka gani. Ka gani?"

Na ce, "Na gani, Baba."

Ya matsa gefe ya ba ni wuri a bakin kwatarniya. Na cire agogo, na naɗe hannun riga.